Tukunyar Dilon da Gwaggo Ta Bari a Jiƙe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta yaye ni ta riƙe ni har na yi aure, ta rasu ranar wata Talata da hantsi a ɗakinta, a ƙauyenmu na ƙasar Ollelewa, ana gama shukar ruwan farko. Ba ta yi doguwar jinya ba. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kafin la'asar gida ya cika har zaure.

Kowa da abin da ya faɗa. Liman ya ce tunda yake ba a taɓa kawo masa ƙararta ba, sai dai ita ta kawo ƙarar wasu, kuma sau da yawa ita ke da gaskiya. Matan unguwa suna ta cewa yanzu wa za a tambaya. Bafulatanar da ke kawo mata nono tun ina goye ta zo da ƙwaryarta, ta ajiye a bakin ƙofa yadda ta saba, ta zauna. Can ta ce, “Ƙawata ta yi mini wayo, ta riga ni.”

Amma abin da ya fi jan idon mata ranar nan wata babbar tukunya ce da ke bayan ƙofar ɗakin, an rufe ta da faifai. Matar kawuna, wadda ba ta iya ganin abu a rufe ta wuce, ta ɗaga faifan ta leƙa.

“Subhanallahi! Dilo? A gidan nan?”

Ga wanda bai sani ba, dilo ƙwayar 'ya'yan anza ce, itacen nan da ke zama kore shar lokacin da komai na daji ya bushe. Ɗacinsa ba a magana, kuma idan ba a wanke shi da kyau ba yana ɓata ciki ƙwarai. Abincin shekarar yunwa ne. A wajenmu idan aka ce gidan wane sun kai ga dilo, an gama faɗar halin da suke ciki.

Matar kawu ta rage murya ta ce da ni, “Ke, maza ki zubar kafin baƙin Tanout su iso. So kike a ce kun bar tsohuwa ta mutu tana cin dilo?”

Na ce mata duk wadda ta taɓa tukunyar nan, ni da ita ne. Na faɗa da ƙarfi, a gidan makoki, hawaye na zuba, kuma na san ban kyauta ba. Wannan rubutu nawa rabinsa ta'aziyyar Gwaggo ne, rabinsa bayanin tukunyar nan.

Tun bayan rasuwar mijinta Gwaggo ta dawo gidan Baba da zama, amma ba ta yarda ta zama abin ciyarwa ba. Tana da gonarta, tana da rumbunta. Kowace Juma'a da safe takan je ta tsaya jikin rumbun, ta dinga ƙwanƙwasa shi da bayan hannu daga sama zuwa ƙasa. Inda ƙara ta sauya, nan gero ya tsaya. Da jikinta take awo: wuya, ƙirji, ƙugu, gwiwa, sai ƙasa. Idan ta dawo tsakar gida ta ce “an shiga ƙugu,” kowa ya san daga yau an daina surfe sau biyu, dusa ma ta zama abinci. Da ta tsufa ta ranƙwafa, na taɓa tsokanarta na ce ai yanzu ƙugun nata ya sauka, awon ya lalace. Ta ce, “Bakinku ma ai ya ƙaru, 'yar lakwal, sai a tashi babu bashi.” Haka take kirana, 'yar lakwal, wato 'yar makarantar boko, har na zama malama ina koyar da 'ya'yan wasu a Tanout.

Ba rumbunta kaɗai take ƙwanƙwasawa ba. Idan ta shiga gidan maƙwabta gaisuwa, sai ta bi ta jikin rumbunsu kamar mai neman abin dafawa, ta ɗan buga. Bayan kwana biyu sai ta aika wa matar gidan da ƙwaryar gero, ta ce a ajiye mata, ɓeraye sun dame ta a ɗaki. Ba ta taɓa aikawa a karɓo ajiyar ba. Ranar makoki mata uku suka ce mini akwai ajiyar Gwaggo a wurinsu, suna faɗa suna kuka.

Ba ta yi boko ba, ajami ma ba ta iya karantawa, amma tana da takardun girki. Duk wanda ya iya riƙe alƙalami ya shigo hannunta sai ta zaunar da shi ta ce rubuta. Akwai na mijinta da ajami, akwai na Baba, akwai nawa tun ina aji uku da rubutu kamar tafiyar kaza, har da na wata ma'aikaciyar lafiya da ta zo allurar yara ta tsaya shan fura. Wasu a takardar kaye, littafin rubutun 'yan makaranta, wasu a yagen buhun siminti. Kowace ta huda mata kusurwa ta zura a igiyar kaba, ta ajiye a adaka. Muna yi mata dariya. Wace mace ce a ƙasarmu ta Damargu take duba takarda kafin ta tuƙa tuwo?

Bara waccan yayana da ke aiki a Libiya ya aiko mini da tabilet. Da na zo hutun damina na ga gara ta fara cin gefen takardun, sai na ce bari in yi abin kirki. Gwaggo ta tafi gona, na buɗe adaka, na sa reza na yanke igiyar, don ba a iya ɗaukar hoton takarda tana zure. Na shimfiɗa su ɗaya-ɗaya a kan tabarma a inuwa na ɗauka, na gyara haskensu har rubutun ya fito tas. Sannan na yi irin ta malamai, na buɗe dosiye-dosiye, wato ma'ajiyoyin hotuna a cikin tabilet ɗin: na tuwo daban, na miya daban, na abin sha, na biki. Takardun kuwa na tattara na mayar adaka yadda suka zo hannuna. Guda ɗaya ce ban ɗauka ba, ta ƙarshe a igiyar, tsohuwa sosai, da ajamin mijinta. Da na gane ta dilo ce sai na cusa ta a wani ramin bango na ce na gani daga baya. Gaskiyar magana, niyyata in tura hotunan nan a zauren danginmu na waya, inda 'yan'uwa na Damagaram da na Yamai suke da matansu 'yan birni. Ban so a ce mu maciya dilo ne.

Da yamma na kai mata ina jiran yabo. Ta karɓa ta jujjuya, ta ce, “Allon banza, ko wanke shi ba a yi a sha.” Ta lashi yatsa za ta buɗe shafi. Na nuna mata yadda ake ja. Ta ga hoton takarda ta gane ta nan take, da tabon man da ke jikinta.

“Wannan tuwon surfe ne, na kaka. Me ke biye?”

Na ja. Tuwon dusa da tafasa ya fito.

“Ja da baya. Ja gaba.” Ta dube ni. “Kin haɗa tuwon kaka da tuwon bazara wuri ɗaya? Wace mace ce za ta dafa su a wata guda?”

Na ce ai duk tuwo ne, Gwaggo.

“Ina igiyata?”

“Na yanke.”

“Kin yanke.”

Ta tashi ta buɗe adaka ta ga takardunta a hargitse. Ashe jerin da ke igiyar nan ba haka kawai yake ba. Daga wuya ta faro, lokacin da rumbu ke cike, ana fura da nono, ana waina, ana tukuɗi da cuku da dabino. Tana saukowa wake na shigowa, gero na raguwa. A gwiwa ganye ne ke gaba gero na bin sa a baya, jiga da tafasa da dubagira. Shekara guda ce cur ta zura a igiyar kaba, ni kuma na sa reza.

Ta ce, “Wanda ya buɗe allonki zai san yadda ake dafawa, amma ba zai san yaushe ake dafawa ba. Rashin iya tuwo ba ya kashe gida, 'yar lakwal. Rashin sanin ranar da za a daina shi ne ke kashewa.” Ta sake birkita takardun. “Ina dilo?”

Ni ma fa ba baya ba ce wajen baki, ita ta rene ni. Na ce, “Haba Gwaggo, wa ke cin dilo yanzu? Ga shinkafa, ga taliya a kasuwa, ko fari aka yi ga motocin agaji.”

“Kunya kike ji.”

Ta rufe adakar, ta juyo gare ni.

“Ubanki da kike taƙama da shi, dilo ne ya riƙe masa rai.”

Daga ranar ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Na koma Tanout da fushina, ina ganin na yi aikin alheri an saka mini da faɗa.

Bayan 'yan makonni Baba ya zo cin kasuwa ya biyo ta gidana. Na kawo masa ruwa, na fara kai ƙarar yayarsa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Kin san Gwaggonki ta taɓa haihuwar mace?” Ban sani ba. Ya ce a shekarar babbar yunwa ne, shi yana yaro a hannunta, uwarsu ta rasu, uwar mijinta ma ta rasu, babu babbar mace a gidan. Rumbu ya kai ƙasa. Ta ji mata na cewa jiƙa dilo ake yi, ta jiƙa. Rijiya ta yi nisa, ruwan sha ma da ƙyar, ga yara na kuka. Kwana biyu ta tsame ta dafa, kuma kamar kowace uwa, 'yarta ta fara ba. Yarinyar da ma ta rame. Cikinta ya ɓaci, ba ta tashi ba.

Baba ya ce, “Ko dilon ne, ko yunwar ce, Allah ne Ya sani. Ita ba ta taɓa cewa komai ba. Amma ta taka da ƙafa har wani gari wajen wata tsohuwa ta koyo yadda ake wanke shi, da shi ta fitar da mu shekarar. Da aka samu sauƙi ta zaunar da mijinta ta ce ya rubuta. Ita ce takarda ta farko da aka rubuta mata.”

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba. Ranar Asabar na hau mota na tafi gida, ko mayafi ban cire ba na nufi ramin bangon. Babu komai sai ƙasar gara. Gwaggo na zaune bakin ƙofa tana kallona. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan yage da bai kai tafin hannu ba, bisimilla ce kawai ta rage a jiki da rabin layi.

“Ga aikinki,” in ji ta. Na durƙusa zan fara ba da haƙuri, ta ce, “Tashi, furarki na cikin ɗaki, ta kusa tsami.” Iyakar abin da ta ce ke nan a kan maganar, har ta koma ga Allah.

Duk sanyin waccan shekarar, Asabar ɗin da na samu zuwa, muna kan tabarma ni da ita da tabilet. Na goge dosiyoyina na malamai, na buɗe biyar: Wuya, Ƙirji, Ƙugu, Gwiwa, Ƙasa. Ni ke jan hoto, ita ke faɗar inda zai shiga da wanda yake bi. Ba ta karanta ko harafi, amma ta san kowace takarda kamar yadda makiyayi ya san awakinsa, wannan mai yagaggen kunne, waccan wadda kunu ya zuba wa. Na'urar kuma tana da taurin kai, sai ta dinga jera su yadda ta ga dama, dole na sa wa kowace lamba a gaban sunanta. Mun yi rigima a kan ɗanwake. Na ce na ƙirji ne, ta ce na ƙugu ne, don ɗanwake yana sa shan ruwa, ruwa kuma yana cika ciki. Ita ta ci gardamar. Takardun ainihin ma muka sake jera su, ta murza sabuwar igiya da kanta. Dosiye huɗu suka cika, Ƙasa ta zauna babu komai a ciki.

Na ce, “Gwaggo, faɗa mini na dilon in rubuta, ai kin san shi da ka.”

Ta ce, “Ba a faɗar dilo, yin sa ake yi. Ni ma da baki aka faɗa mini, a tsaitsaye, a bakin rijiya.” Ta kau da kai. “Bari anza ta yi 'ya'ya.”

Watanni ne a gaba, ga ƙafafunta sun fara kumbura, ga numfashi na yi mata wuya in ta yi 'yar tafiya. Tsoro ya kama ni. Na roƙe ta, na ce ko muryarta ce in ɗauka a tabilet, ta ƙi. Na ce to in wani abu ya faru fa? Ta ce, “In ya faru sai ki ce ke kika yanke igiya.” Tana murmushi ta faɗa, amma ni ban yi dariya ba.

Allah Ya kai mu. Ana ba da hutu na taho. Ta kwatanta mini inda anza ta fi yawa, bayan tudun gabas, na je na tsinko buhu guda, mutane na kallona suna mamaki, malama guda da buhun anza a ka. Muka shanya, na daka na sheƙe ɓawon, na zuba ƙwayar a tukunya na cika da ruwa. Safe da yamma ina tsiyaye ruwan in zuba sabo, ita tana zaune bakin ƙofa da sandarta tana ba da umarni, ni ina ɗaukar hoton kowane mataki. Kowace sauyawa bidon ruwa guda, wato jarka, take ci, kuma a garinmu ruwa daga rijiya mai zurfi yake zuwa a amalanken jaki. Tsohon ruwan ta ce in kai can bayan gida inda awaki ba sa zuwa.

Rana ta uku na ɗauki ƙwaya ɗaya daga sama na tauna, na ce ai ya yi.

“Sa hannu ki ɗauko ta ƙasan tukunya. Tauna. Kada ki tofar. Karanta Fatiha a zuci, sannan ki haɗiye yawu.”

Ban kai ƙarshen surar ba ɗaci ya taso mini daga maƙogwaro. Ta ga fuskata ta gyaɗa kai.

“Haka ya yaudare ni,” ta ce.

Rana ta huɗu da safe na sauya ruwa, ta kira ni. Muryarta ta yi ƙasa. Ta ce, “Ba a ƙirga masa kwana, harshe ake tambaya. Kuma ko ya yi, mai dafawa ke fara ci. Ki ci, ki bari salla ɗaya ta wuce, sannan ki ba yaro. Kin ji ko?” Na ce na ji. Ta ce in maimaita, na maimaita kamar 'yar aji ɗaya. Ta nemi ruwa ta sha, ta ce za ta ɗan kishingiɗa. Kafin rana ta yi zafi ta cika.

To, ita ce tukunyar da matar kawu ta ce in zubar. Maganar ta kai zaure, Baba ya aiko da kalma uku: a bar ta. Haka na ci gaba, ina karɓar gaisuwa ina tashi in sauya ruwa, safe da yamma, a gaban baƙin Tanout da na Damagaram. Wasu na kau da kai, wasu na zunɗe. Ranar sadakar uku na ɗauko ƙwayar ƙasan tukunya na tauna, na karanta Fatiha har ƙarshe, na haɗiye yawu. Babu ɗaci. Na sake da wata, babu. Na dafa shi, na kwaɗa da ƙuli-ƙuli da gishiri da ɗan yaji. Ana idar da azahar na zauna a tsakar gida na ci loma uku, na rufe kwanon. Wata jikar maƙwabta ta miƙo hannu, na ce sai an yi la'asar.

Bayan la'asar na buɗe. Bafulatanar nan ce ta fara sa hannu. Ta tauna ta daɗe, sannan ta ce, “Ya wanku.” Tsofaffi suka matso ɗaya bayan ɗaya. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: ashe duk wadda ta haura wasu shekaru a tsakar gidan nan ta san ɗanɗanonsa. Matar kawu ma ta ɗiba, ta ce uwarta takan sa masa albasa, sai kuma ta rufe fuska da mayafi. Na aika wa Baba a zaure. An ce ya ci loma ɗaya, ya tashi ya fita bayan gari, bai dawo ba sai magariba.

Na rubuta takardar da hannuna, na sa maganarta ta ƙarshe a ƙarshe yadda ta faɗe ta. Na ɗauki hoton takardar tare da ɗan yagen mijinta na sa a Ƙasa, sannan na zura su a igiya. Da na tashi turawa a zauren dangi, ita na fara turawa.

Bana ruwa ya ɗauke gero na tsaka da fitar da kai. Da aka gama ɗaurin damma na zo gida, ranar Juma'a na je jikin rumbun Gwaggo na ƙwanƙwasa daga sama. A daidai ƙuguna ƙarar ta sauya, a lokacin da ya kamata a ce wuya ne. Mata sun fara zuwa da yamma in karanta musu abin da ke Ƙugu da Gwiwa. Jiya wata amarya, wadda ba ta da uwa a garin nan, ta jira kowa ya watse, ta ce a hankali ko zan karanta mata na ƙarshen. Na ce zan karanta, amma idan anza ta yi 'ya'ya ta zo da tukunyarta mu yi tare.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata, Ya yafe mini rezar da na sa. Allah Ya haɗa ta da 'yarta, a inda ba a ƙwanƙwasa rumbu.